Sabis a Cike, Bidiyo na Juyawa: Ina Intanet Ke Maƙalewa?

Wata ranar Asabar ƙanina ya shigo gidana a Kubwa da kwali a hammata, ko gaisuwar kirki bai tsaya mun yi ba. Rauta ce, na'urar nan da ke raba intanet a gida ta Wi-Fi, ya sayo a ɗaya daga cikin filazojin Wuse, an rubuta 5G ɓaro-ɓaro a jikin kwalin, kuma kuɗin da ya zuba bai yi nisa da rabin albashinsa ba. Mai shagon ya ce masa kafin ya ƙifta ido fim ya sauka. Kwana uku ke nan yana gwadawa a gidansa da ke Dutsen Alhaji. Da hantsi abin sambarka, amma da an idar da sallar isha'i sai ɗan zoben nan ya kama juyawa a tsakiyar bidiyo kamar ba zai daina ba.

"Yaya, don Allah duba mini," in ji shi. "Ko jabu suka liƙa mini? Ga sabis nan a cike, ga 5G a rubuce a wayata, amma ko saƙon murya sai ya yi minti biyu bai tafi ba."

Rautar lafiyarta ƙalau. Kafin mu gano inda gizo ke saƙar sai da muka bi hanyar tun daga tafin hannunsa har bakin teku a Legas. Na ga ya dace in shimfiɗa hanyar a nan, domin a Abuja da wuya ka sami wanda bai taɓa zagin kamfanin waya a kan laifin bangon ɗakinsa ba, ko ya canja rauta a kan laifin katafilar da ta tsinke waya a wani titi da bai taɓa bi ba.

Duk abin da ake ce wa marar waya, rediyo ne. Wi-Fi rediyo ne, 4G da 5G rediyo ne, har Bluetooth ɗin da ke haɗa waya da sifika. Wanda ya tashi ya ga mahaifinsa yana murɗa akwatin rediyo da asuba yana laluben Kaduna a kan mita 49 ya riga ya sami rabin karatun. Mita 49 ɗin nan tsawon igiya ɗaya ce ta tashar, wato zangonta. A gidan rediyo gajeren zango ake kiransa, amma in aka kawo shi kusa da Wi-Fi ƙaton dogo ne, domin igiyar gigahaz 2.4 (gigahaz da ƙaninsa megahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne) tsawonta santimita 12 da rabi ne, ba ta cika taƙi ba, ta gigahaz 5 kuwa kusan tsawon ɗan yatsa ce. Dogon zango yana da juriya, ya tafi nesa, ya ratsa bango, ya kewaye tudu. Gajere yana saurin gajiya, bangon bulo biyu ko uku sun isa su karya masa lago.

To in haka ne, me ya sa masu sadarwa suke ta tururuwa zuwa gajeren? Fili suke nema. Yawan bayanan da igiya za ta ɗauka a daƙiƙa ya dogara da faɗin wurin da aka yanka mata, kamar yadda yawan motoci ya dogara da faɗin titi. Dogayen zanguna kamar filayen Maitama ne da Wuse: tun tuni aka rabe su, gidajen rediyo da talabijin da sojoji da jiragen sama kowa ya ja katangarsa, abin da ya rage 'yan fuloti ne masu ɗan karen tsada. Gajerun kuwa kamar ka nufi Kuje ne ko Kwali, fili har ido ya gaji, sai dai shi ma da tasa wahalar.

Filin iskar nan yana da mai rabo. A ɓangaren wayar salula hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, wadda hedkwatarta ke Maitama, ita ke yankawa ta sayar. A Janairun 2001 aka yi gwanjon lasisin GSM, MTN da Econet, wanda bayan sauye-sauyen suna ya zama Airtel, kowannensu ya biya dala miliyan 285, aka fara kira a watan Agustan shekarar. Shekara 20 bayan nan, a Disambar 2021, aka sake wani gwanjon a nan Abuja, MTN da Mafab suka ci fuloti biyu a zangon gigahaz 3.5, kowanne mai faɗin megahaz 100, kowane kamfani ya biya dala miliyan 273.6. Wanda ya biya irin wannan kuɗi, fulotin nasa ne shi kaɗai, duk wanda ya kutsa ya taka doka.

Shi kuwa Wi-Fi a dandali yake zaune, filin kowa da kowa. A 1985 hukumar sadarwa ta Amurka ta buɗe wasu zanguna ta ce kowa ya shiga ba lasisi, da sharaɗin kada ya ɗaga murya. Ɗaya daga cikinsu shi ne gigahaz 2.4, wanda a lokacin ake yi wa kallon juji, don a nan na'urar ɗumama abinci da wasu injinan masana'antu suke zubar da hayaniyarsu. A kan jujin nan aka gina Wi-Fi. Ƙa'idarsa ta farko ta fito a 1997 da gudun megabit 2 a daƙiƙa (megabit shi ne ma'aunin gudun intanet), a 1999 ya kai 11 kuma ya sami sunan da muka san shi da shi, yanzu ga Wi-Fi 6 da 7 da a takarda ake ƙirga musu dubbai. Sharaɗin rage murya shi ya sa har gobe bai wuce tsakar gida ba.

A nan na fara kama bakin zaren. Na karɓi wayar ƙanina, na ga 5G ɗin da yake tinƙaho da shi a wutsiyar sunan Wi-Fi ɗin yake. Wannan gigahaz 5 ake nufi, zangon da rauta ke magana da wayoyin cikin gida. Ba shi da haɗi da 5G na kamfanonin waya, wanda ma'anarsa zubi na biyar na fasahar salula. Suna ne ya zo ɗaya, kuma masu shaguna ba su cika damuwa su warware wa mai saye ba. Rauta irin tasa baki biyu gare ta: ɗaya yana magana da ƙarfen sabis ta hanyar sim ɗin da ke cikinta, ɗayan yana raba abin da ya samo ga mutanen gida. Alamar Wi-Fi da ta cika a wayarka abu ɗaya kawai take faɗa maka, cewa rauta tana kusa. Ko rautar ta samo wani abu daga waje ko ba ta samo ba, wannan ba ruwan alamar.

Washegari bayan la'asar na bi shi gida. Gidan haya ne mai sassa shida, nasa a ƙasa, ta baya. Na tambayi ina rautar, ya nuna mini kabad ɗin talabijin. Tana can a kanta ta ƙasa, bayan dikoda, an rufe ta da ƙofar gilashi, wai kada ƙaramin yaronsa ya ja ta. A bayan bangon da kabad ɗin ya jingina, firij ne a kicin. Da gangan mutum zai so ya shaƙe rediyo, da wuya ya sami wurin da ya fi wannan.

Ginin Abuja ba ya ƙaunar Wi-Fi. Bulon siminti yana cinye igiyar, dekin mai cike da rodi ya fi shi mugunta, shi ya sa mai bene zai ajiye rauta a falon ƙasa ya hau sama ya tarar babu komai. Ƙarfe yana mayar da ita baya, ko ƙofar ƙarfe ce, ko kwano, ko firij, ko madubi. Ruwa yana shanye ta, kuma jikin ɗan'adam galibinsa ruwa ne, don haka falon da ya cika da baƙi ranar suna ba daidai yake da falon da babu kowa ba. Rauta tana son tudu, a sarari, a tsakiyar gida. In mai sim ce kuma sai a haɗa da wani sharaɗin, ta kusanci tagar da ke kallon ƙarfen sabis. Sharuɗɗan biyu sukan yi karo, sai mai gida ya gwada ya zaɓa. Zangon gigahaz 5 ya fi gudu ga wanda ke ɗaki ɗaya da rauta, na 2.4 shi ke iya lallaɓawa har ɗakin ƙurya.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Na buɗe jerin Wi-Fi a falonsa, sunaye sun cika fuskar wayar, na maƙwabta da na gidan da ke bayan katanga. A zangon 2.4 tashoshi uku ne kawai ba sa taka juna, ta 1 da ta 6 da ta 11. Rauta goma a wuri ɗaya dole su haɗu a tasha ɗaya. Ɗabi'ar Wi-Fi kuwa irin ta majalisar dattawa ce: kowa sai ya saurara, in ya ji shiru sannan ya yi magana, in biyu suka fara tare sai duk su yi shiru su sake jira. Hakan na faruwa sau dubbai a daƙiƙa, ba ka ji, amma kowane jira daga lokacinka ake cirewa. Mafi ban haushi, tsohuwar waya ɗaya da ke can nesa tana magana a hankali takan riƙe majalisar, masu sababbin wayoyi su zauna jiranta.

Sai na shiga shafin rautar in ga su wa ke kanta. Na'ura goma sha ɗaya. Na ce ya ƙirga nasa. Wayarsa, ta maiɗakinsa, kwamfutarsa, talabijin. Huɗu. Ya yi shiru yana kallon allon. Daga ƙofar kicin maiɗakin tasa ta ce, "Wallahi Yaya, matar maƙwabcinmu kaɗai na sa wa, ranar da datarta ta ƙare." Ba ƙarya ta yi ba. Wayoyin yanzu suna iya miƙa kalmar sirri ga wata wayar ta hoton nan mai ɗigo-ɗigo da ake ɗauka da kyamara, ba sai an furta ba. Daga hannu ɗaya ta zaga gida.

A wannan shafin ne kuma muka ga ɗaya gaskiyar: 4G rautar take kamawa. 5G bai iso lungunsa ba.

Mun ɗora ta a kan wadirof kusa da taga, mun canja kalmar sirri, na gwada gudun da manhajar awo, ya ninka. Ƙanina har ya fara washe baki. Na ce ya dakata sai an yi isha'i, don tsugune ba ta ƙare ba.

Ƙarfen sabis ɗin da kake hangowa a unguwa galibi fuska uku yake da ita, kowace tana kallon sulusin da'ira. Duk wanda ke gaban fuska ɗaya, a kwano ɗaya suke ci. In fuskar tana iya fitar da megabit 150, misali, mutum uku ne a kanta, kowa ya ƙoshi. In sun zama ɗari uku, sai lasa. Sandunan sabis da ke saman wayarka ƙarfin muryar ƙarfen suke aunawa, ba su san yawan hannayen da ke cikin kwanon ba. Duk wanda ya taɓa neman kira a filin idi bayan an sallame ya san wannan: sabis a cike, kira ba ya shiga.

Tsarin zaman Abuja ya ƙara wa abin gishiri. Garin da safe yake cika, da yamma ya zube. Ma'aikata na kwana a Kubwa da Lugbe da Nyanya da Karu da Mararaba, su wuni a sakatariya da Wuse da Garki. Cunkoson da kake gani a titin Nyanya da safe da kuma magariba, irinsa ne yake faruwa a iska. Da rana ƙarfunan unguwannin kwana suna hutawa, shi ya sa ƙanina yake jin daɗin hantsi. Da dare kowa ya dawo ya ci tuwo ya miƙe ƙafa ya buɗe TikTok da YouTube, ƙarfe ɗaya ya rasa wanda zai saurara. Garaɓasar datar tsakar dare da kamfanoni ke sayarwa da arha ba kyauta ba ce don Allah, lokacin ne titin ya zama fayau, gara a sayar da shi ko nawa ne da ya tafi a banza. Ga kuma duwatsu. Wanda gidansa ke gindin tudu a Mpape ko Dutse, ƙarfe na iya zama kusa da shi amma dutse ya tsaya a tsakani.

Abin da 5G ya zo gyarawa ke nan, faɗin kwanon. Hanya ɗaya ta 4G ba ta wuce faɗin megahaz 20, sai dai a haɗa biyu ko uku. Fulotin 5G da aka yi gwanjo 100 ne a dunƙule. Ƙari a kan haka, eriyarsa tana ɗauke da ƙananan eriyoyi masu yawa da ke haɗa ƙarfi su nufi mai waya kai tsaye. Tsohon tsari kamar ƙwan lantarki ne da ke watsa haske ko'ina, sabon kamar tocila ne da ake haska wanda ake nema. MTN ya fara a 2022, Abuja da Kano suna cikin garuruwan farko, Airtel ya biyo a 2023. Amma gigahaz 3.5 gajeren zango ne, ba ya nisa kuma bango na wahalar da shi, don haka yana buƙatar ƙarfuna kusa da kusa, kamfani kuwa inda zai mayar da kuɗinsa da wuri yake fara kafawa. Kafin mutum ya sayi rautar 5G, ya ari waya mai 5G ya tsaya da ita a ɗakin da zai ajiye rautar, da dare, ba a ƙofar shago da rana ba. Ni a ganina wannan gwajin na minti biyar ya fi duk rantsuwar mai shago.

Ba zan wuce ba sai na taɓa jita-jitar 2020, lokacin da saƙonni suka cika WhatsApp cewa 5G ne ke haddasa korona, har a Ingila aka ƙona wasu ƙarfunan. A lokacin ko lasisin 5G ba a sayar a Najeriya ba, cutar kuma ta shigo. Igiyar rediyo ba ta ɗaukar ƙwayar cuta, kuma ba ta cikin jinsin haskoki masu ƙarfi irin na hoton ƙashi a asibiti.

Shi kansa ƙarfen, wa ke ba shi? Wuta da farko. Ƙarfunan da yawa ba na kamfanonin waya ba ne, na kamfanonin haya ne irin IHS da American Tower, kuma da yake wutar gari ba abin dogaro ba ce, janareta da batura da sola ke riƙe da su dare da rana. In gas ya ƙare, ko ɓarayi suka kwashe batura, ƙarfen ya mutu, jama'arsa su koma kan na kusa, wanda shi ma da ma a cike yake. Tsadar gas da faɗuwar naira suna cikin dalilan da kamfanoni suka kafa har NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025.

Na biyu, hanyar da zai miƙa abin da ya tara. Wasu ƙarfunan suna amfani da farantin nan mai kama da ganga da ake ɗaurawa a jikinsu, yana harba saƙo zuwa wani ƙarfen da yake hangowa. Masu ƙarfin kuwa waya ce ke shiga gindinsu, wayar faiba, zaren gilashi siriri kamar gashin kai, wanda haske ke gudu a cikinsa. A nan sunan marar waya yake ƙarewa. Daga hannunka zuwa ƙarfe, 'yan ɗaruruwan mitoci ne ko kilomita kaɗan a iska. Sauran tafiyar, ta dubban kilomitoci, a cikin waya ake yin ta, a binne a gefen titi.

Gefen titi kuwa a Abuja ba ya hutawa. Yau ana faɗaɗa hanya, gobe ana haƙa magudanar ruwa, jibi mai gini ya ja bututu. Haƙorin katafila ɗaya ya isa ya jefa unguwanni cikin duhu, mai POS ya zauna yana kaɗa na'urarsa sama kamar mai kiran ruwa, alhali matsalar tana cikin rami a wani wuri. A 2024 gwamnatin tarayya ta sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman. Akwai kuma tsohuwar rigimar kuɗin izinin haƙa: an daɗe da amincewa a kan naira 145 kowace mita, amma jihohi da dama suka riƙa karɓar ninkin-ba-ninkin, har a 2020 wasu suka sauko, Kaduna ma ta yafe gaba ɗaya. Jihar da ta tsauwala, faiba ta kauce mata, mutanenta su zauna da ƙarfunan da ba su da isasshen abin miƙawa. Ma'aikatar sadarwa ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na faiba. In aka yi shi, a wurina ya fi kowane sabon lasisi amfani ga Arewa, domin mu ne muka fi nisa da bakin ruwa.

Bakin ruwan shi ne Legas. A can mafi yawan wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka: SAT-3 tun farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, WACS da ACE bayansu, Equiano ta Google a 2022. Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikinsu suka lalace a teku ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, manhajojin bankuna suka tsaya cak, mutane a Wuse suna ta kashe waya suna kunnawa, wasu har da cire sim su goge shi a riga. Abin da ke rage mana irin wannan zafin shi ne manyan kamfanoni irin Google da Facebook suna ajiye kwafin abubuwan da aka fi kallo a cikin ƙasar, kuma akwai cibiyar IXPN inda kamfanonin gida ke musayar bayanai ba sai sun tsallaka teku ba. Shi ya sa wani lokaci YouTube na gudu, amma shafin wata jami'a a Turai ya ƙi buɗewa.

Mai karatu zai ce, to Starlink fa, mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam? Farantansa sun fara yawa a rufin gidajen Gwarimpa da ofisoshi tun da ya shigo a Janairun 2023, Najeriya ce ƙasar farko a Afirka. Intanet ta tauraron ɗan'adam ba sabon abu ba ne, muna da namu NigComSat-1R da aka harba a 2011. Bambancin a nisa yake. Irin namu yana tsaye ne a kusan kilomita 36,000 sama. Tambayarka ta hau ta sauka, amsa ta hau ta sauko, kilomita 144,000 ke nan, kuma ko haske da ke cin kilomita 300,000 a daƙiƙa sai ya kwashe kusan rabin daƙiƙa. Wannan jinkirin ne ke sa masu kiran bidiyo su riƙa cin karo da maganar juna. Taurarin Starlink dubbai ne, suna shawagi a 'yan ɗaruruwan kilomitoci kawai, jinkirin ya zama ɗan kaɗan. Jinkiri daban, gudu daban: tirela ta fi babur ɗaukar kaya, amma in saƙon gaggawa ne babur za ka aika. Mai sauke fim gudu yake so, mai taron Zoom ko wasan kwamfuta ƙarancin jinkiri ya fi damunsa.

Sai dai an gudu ba a tsira ba. Farantin yana son sarari ba bishiya ba bene, yana son wuta kullum, ruwan sama mai ƙarfi irin na Agusta yakan sa ya yi tangal-tangal, kuma shi ma kwano ɗaya ne ga duk mutanen yanki ɗaya. A ƙarshen 2024 sai da kamfanin ya dakatar da karɓar sababbin masu rajista na gida a Abuja da Legas saboda wurin ya cika. Tauraron ma daga ƙarshe sauko da saƙon yake yi a wata tasha a ƙasa, ya shiga faiba. Inda na ga ya fi dacewa shi ne asibiti ko makaranta a ƙauyen da ba ƙarfe ba waya. Wanda faiba ta bi ta ƙofar gidansa a cikin gari, ya ja ta kawai, ita ba ta san dare ba ta san ruwan sama ba.

Saura lissafin da ke haɗa mutane faɗa da kamfanoni. Gudu da megabit ake auna shi, data kuwa da megabait ake sayar da ita, kuma bit takwas ne ke yin bait ɗaya. Wanda aka yi wa alkawarin megabit 40, megabait 5 zai gani a daƙiƙa in komai ya tafi daidai, fim mai giga ɗaya ya ɗauke shi minti uku da 'yan kai. Kukan da ake yi cewa data na ƙarewa da wuri a kan sabis mai gudu, shi ma yana da tushe: manhajar bidiyo in ta ga hanya a buɗe sai ta ɗaga ingancin hoton da kanta, awa ɗaya ta iya cin giga biyu ko uku a maimakon 'yan ɗaruruwan mega. A ƙaramar fuskar waya da ƙyar ido zai bambance, aljihu ne ke ji. Tsarin da ake tallatawa da sunan ba iyaka kuma, a karanta ƙananan rubutun, galibi akwai adadin da in ka kai shi za a rage maka gudu. In mutum ya tabbata an zalunce shi, ya kai kuka ga kamfanin bai sami biyan buƙata ba, NCC tana da layin koke na kyauta, 622.

Bayan isha'i muka sake gwada rautar ƙanina. Gudun ya faɗi ƙasa da rabin na la'asar, amma bidiyo yana tafiya, saƙon murya yana fita nan take. Na cire sim ɗin, na sa na wani kamfanin da ke aljihuna, ya ɗan fi, da alama ƙarfensu bai kai wancan cika ba a wannan lungun. Ya ce zai sayi layinsu ya riƙa canjawa, manyan abubuwa kuma ya bar su sai bayan asuba. Maganar mayar da rauta Wuse ta mutu.

Ina ɗaura takalmi zan fita aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani yaro ne ɗan shekara goma sha biyu ko sha uku, da waya a hannu, fuskarta duk ta tsage. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya dubi ƙanina ya ce, "Baba, wai in ji Mama, ko kun lura Wi-Fi ɗinku ya lalace tun la'asar?"